Daga Gidan Gem Zuwa Gidan Sauro

Duk wanda ya ratsa Sabon Gari ko Mayo Gwoi ko Magami a Jalingo da la'asar sakaliya ya san irin shagon da nake nufi. Labulen ƙofa ya yi baƙi saboda yawan hannu, ƙaramin janareto yana kuka a baya, talabijin biyu ko uku a jere, benci cike da yara. Biyu ne ke riƙe da fad, sauran duk koci ne. "Ba shi fas mana!" "Buga, buga!" Wanda aka ci ya tashi wani ya zauna, in kuma an yi yarjejeniya, wanda aka ci shi ke biyan mai shago. Gidan gem ke nan. Ya daɗe a garuruwanmu, tun zamanin PS2 da Winning Eleven da Mortal Kombat, har aka zo kan FIFA da PES, waɗanda kamfanoninsu suka sauya wa suna zuwa FC da eFootball, yara kuwa har yau tsohon sunan suke kira.

Iyaye a Jalingo sun kasu biyu a kan wannan lamari. Akwai uban da ke cewa gem ya kashe wa ɗansa ƙwaƙwalwa, ga sakamakon jarrabawa nan shaida. Akwai kuma uwar da ke kallon ɗanta ɗan shekara bakwai yana sarrafa wayarta fiye da ita, ta ce yaron nan akwai kai. Na daɗe ina sauraron ɓangarorin biyu, kuma da na bi abin da masu bincike suka gano cikin shekarun da suka wuce, sai na ga kowannensu ya riƙo wani yanki na gaskiya, amma wurin da haɗarin ya fi yawa ba can suke kallo ba.

Bari mu fara da abin da ke goyon bayan uwar. A shekarar 2003 wasu masana biyu na Jami'ar Rochester a Amurka, Shawn Green da Daphne Bavelier, suka wallafa bincike a mujallar Nature. Sun lura cewa matasan da suka saba buga gem ɗin harbi da gudu sun fi sauran iya lura da abubuwa da yawa a lokaci guda, da hango abin da ya gilma a gefen ido. Sai suka ce watakila masu kaifin ido ne tun asali ke son irin wannan wasa. Don raba gardama suka ɗauko waɗanda ba su saba ba, suka sa wasu buga Medal of Honor awa ɗaya a rana har kwana goma, wasu kuma Tetris. Masu gem ɗin harbin suka fi samun ci gaba a gwajin lura. Bayan shekara huɗu, a Jami'ar Toronto ta Kanada, aka ga awa goma na irin wannan wasa ya rage tazarar da ke tsakanin maza da mata wajen juya siffar abu a cikin ka, wato ka kalli zane ka san yadda zai kasance in an kifa shi. Wannan baiwa ce da magini da tela da injiniya ke ci da ita, kuma ya kamata mu lura cewa a bencin gidan gem ɗinmu da wuya ka ga yarinya.

Akwai na kusa-kusa kuma, kan yara ƙanana. A 2022 masana daga cibiyar Karolinska ta Suwidin, ciki har da Torkel Klingberg, suka duba bayanan yara fiye da 9,000 'yan shekara tara zuwa goma a Amurka, suka sake duba sama da 5,000 daga cikinsu bayan shekara biyu. Bayan an cire tasirin gado da na arziƙin iyaye, yaran da suka fi matsakaici buga gem sun ƙaru da kimanin maki biyu da rabi a ma'aunin basira fiye da sauran. Kallon talabijin da shiga shafukan sada zumunta ba su nuna irin wannan ba. Su kansu masu binciken sun faɗa cewa ba su duba barci ko motsa jiki ko sakamakon makaranta ba. A wannan shekarar wani binciken daga Jami'ar Vermont ya zaga duniya da labarin cewa yara masu buga gem awa uku a rana sun fi iya kame kai da riƙe abu a ka. Jaridu sun yi ta yayata shi. Abin da ba su yayata ba shi ne, a 2023 an gano kurakurai a cikinsa, aka janye shi aka sake wallafawa da gyara. Duk wanda aka turo wa irin wannan labari a WhatsApp ya tuna da haka.

To, gem yana wasa wani abu a ƙwaƙwalwa, wannan babu musu. Tambayar da ta fi nauyi ita ce, abin da aka wasa ɗin yana bin yaro zuwa aji?

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne tushen maganar. A 1973 William Chase da Herbert Simon suka yi wani gwaji da darar Turawa da ake kira ces. Sukan nuna wa gwani da ɗan koyo allon wasa na daƙiƙa biyar, a rufe, a ce su sake jera shi. In jerin na wasan gaske ne, gwani yakan dawo da mafi yawa, ɗan koyo ya tsaya a 'yan kaɗan. Da aka watsa 'ya'yan a kan allo barkatai ba bisa tsarin wasa ba, sai fifikon gwani ya kusan ɓacewa. Ashe ba ƙwaƙwalwarsa ce ta fi girma ba, sabawa ce da siffofin wasan. Mu ma mun san wannan ba tare da an rubuta mana ba. Je ka kasuwar shanu ta Iware ka ga Bafulatanin da zai tsinto saniyarsa cikin ɗari da kallo ɗaya, ya gaya maka uwarta da kakarta. Wannan ilimi ne mai zurfi, amma ba zai sa ya gane lambar mota fiye da kai ba. Dattijon da ba a cinsa a dara a gindin bishiya ba lallai ne ya fi kowa iya lissafin gado ba. Kowane aiki da irin kaifin da yake bayarwa, kuma kaifin yakan tsaya kusa da inda aka wasa shi.

An gwada wannan a kan gem kai tsaye. A 2010 Adrian Owen da abokan aikinsa, tare da BBC, suka sa mutum 11,430 yin wasannin da ake tallatawa da sunan horar da ƙwaƙwalwa har mako shida. Kowa ya ƙware a wasan da ya yi, amma da aka gwada su a kan wasu ayyukan tunani na daban, ba a ga ribar ta ƙetara ba. A 2016 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin Lumosity biyan dala miliyan biyu saboda tallan da ya yi cewa wasanninsa na ƙara ƙwazo a makaranta da wurin aiki ba tare da hujja ba. A 2018 Giovanni Sala da Fernand Gobet da abokin aikinsu suka tattara ɗimbin binciken da aka yi, suka ce ba su ga gem yana ƙara basira gaba ɗaya ba. Ɓangaren Bavelier ma sun tattara nasu a shekarar, suka ce ribar lura da gane siffa tana nan. Har yau ba su sasanta ba. Amma ko an ba wa ɓangaren Bavelier gaskiya, maganarsu a kan gem ɗin harbi ce, ba ƙwallo ba, ba Candy Crush ba, ba Subway Surfers ba. Kuma irin su Call of Duty da GTA, a jikin kwalinsu an rubuta na manya ne. Wato wasan da ya fi samun shaidar amfani shi ne wanda bai dace a miƙa wa ɗan shekara tara ba.

Zancen cewa gem ɗin faɗa yana mayar da yaro ɗan ta'adda, zan wuce shi da sauri. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2020 akwai 'yar alaƙa da saurin fushi da tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar danganta shi da aikata ta'asa. Ni abin da ya fi damuna shi ne abin da ɗan yaro ke gani da ji a cikin GTA, kuma wannan maganar tarbiyya ce da kowane gida ya san matsayinsa a kai.

Yanzu ga abin da ke goyon bayan uban. Binciken da na fi so a duk wannan fage ƙarami ne, amma an yi shi yadda ya kamata. A 2010 Robert Weis da Brittany Cerankosky na Jami'ar Denison a Amurka suka nemi yara maza 64 'yan shekara shida zuwa tara waɗanda ba su da na'urar gem a gida. Aka yi ƙuri'a, rabi aka ba su PlayStation 2 nan take, rabi aka ce sai bayan wata huɗu. Da wata huɗun suka cika, waɗanda suka samu na'ura suna buga gem kusan minti 40 a rana, kuma lokacin da suke ba karatu bayan an tashi makaranta ya tsaya a wajen minti 18, sauran kuwa wajen 32. Makinsu na karatu da rubutu ya gaza na 'yan uwansu. A lissafi ba a ga bambanci ba. Babu wani guba da ya fito daga talabijin ya shiga kansu. Minti goma sha huɗu ne kawai aka zare daga karatu kowace rana, a shekarun da yaro ke koyon haɗa baƙi, wata huɗu kuma ya isa a ga gurbin.

Ka ɗauko wannan ka aza a kan yaron Jalingo. Duk binciken da na ambata an yi su ne a Amurka da Turai da Kanada, inda yaro ke da littattafai a ɗakinsa da malamin da ke sanin sunansa. Rahoton Bankin Duniya da UNICEF da abokan aikinsu na 2022 ya ce a Afirka kudu da Sahara kusan yara tara cikin goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta a shekara goma. Gwamnatin jiharmu ƙarƙashin Agbu Kefas ta ayyana karatun firamare da sakandare kyauta a 2023, kuma abin a yaba ne, amma shiga aji daban, iya karatu daban. Yaronmu yana tashi da Fulatanci ko Mumuyanci ko Jukunanci a gida, Hausa a titi, Turanci a allo, wani ma da Larabci da yamma. Ga ɗiban ruwa, ga aike, ga talla, ga gona da damina. In ya samu rabin awa na zama da littafi a yini ya yi sa'a. Yaron da ke da awa uku na karatu in gem ya ci ɗaya, da sauransa. Wanda rabin awa gare shi, in gem ya ci, ba abin da ya rage. Shi ya sa nake ganin bai kamata mu kwafi sakamakon Karolinska mu yi murna ba.

Sai dai ga inda na rabu da yawancin iyayen da nake hira da su. Tsoronsu duk yana kan gidan gem, ni kuwa nawa yana kan wayar da ke cikin gida. Gidan gem yana da birki iri-iri da ba wanda ya tsara. Kuɗin yaro yana ƙarewa. Mai yana ƙarewa, musamman tun da aka cire tallafi a 2023. An ci ka, dole ka tashi. Magariba ta yi, wani babba zai leƙo ya kore ku. Kuma wasan na mutane ne, ido da ido: ɗan Kona da ɗan Fulani da ɗan Tibi da Bahaushe a benci ɗaya, ana gardama ana dariya, ana koyon yadda ake shan kaye a gaban jama'a ba tare da kuka ba. A jihar da ta ɗanɗana rikicin ƙabilanci, ba zan raina wannan benci ba.

Waya ba ta da birki ko ɗaya. Free Fire da PUBG da Dream League da ire-irensu kyauta ake sauke su, kuma abin da ake bayarwa kyauta dole a samu inda ake fanshewa. Masu irin waɗannan wasanni suna cin riba ne daga talla da sayar da kaya a cikin wasan, don haka duk ƙwarewarsu ta tafi kan yadda yaro zai daɗe kuma ya dawo gobe. Akwai kyautar shiga kullum wadda in ka tsallake rana ka yi asara. Akwai akwatin sa'a da ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce wani masani, B. F. Skinner, ya nuna cewa ladan da ba a san ranar zuwansa ba ya fi kowane lada riƙe mai nema, kuma a 1998 aka nuna da hoton ƙwaƙwalwa cewa sinadarin dofamin, mai tura mutum ya ƙara nema, yana ƙaruwa lokacin buga gem. Ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa da ke ce wa mutum ya isa haka kuwa ba ya gama nuna sai an haura shekara ashirin. Ƙasar Beljiyam ta ayyana akwatunan sa'ar da ake saye da kuɗi a matsayin caca tun 2018. A garinmu tazarar da ke tsakanin wannan akwati da shagon cacar ƙwallo, inda ake buga wasan ƙarya na kwamfuta kowane 'yan mintuna, ba ta da yawa, wani lokaci ma katanga ɗaya ce.

Sannan waya tana shiga gidan sauro. Likitocin barci sun ce ɗan shekara shida zuwa sha biyu yana bukatar awa tara zuwa sha biyu a dare. Yaron da za a tasa ƙarfe biyar da rabi don sallar asuba ko addu'ar safe, in zai samu mafi ƙarancin wannan, ƙarfe takwas da rabi ya kamata ta same shi a kwance. Cikin barci mai nauyi ne ƙwaƙwalwa ke ɗaure abin da aka koya da rana. Malaman allo sun daɗe da sanin cewa haddar da aka kwana a kanta ta fi zama. A birnin Kolon na Jamus an gwada wannan a 2007 da yara maza goma sha ɗaya 'yan kimanin shekara sha uku: daren da suka buga gem na awa ɗaya da yamma, barcinsu mai nauyi ya ragu, washegari kuma sun fi mance kalmomin da suka koya. Yaran kaɗan ne, amma ya dace da abin da kowane malamin firamare ke gani ranar Litinin da safe. Yaron da ake cewa gem ya dasashe masa kai, sau da yawa barci ne bai ƙoshi ba.

Wasu kan ce ai gem yana cire wa yaro tsoron kwamfuta, ga shi tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Akwai gaskiya a ciki, kuma yara kan tsinci kalmomin Turanci ma. Amma danna amsa aikin daƙiƙa ɗaya ne, fahimtar tambayar shi ne jarrabawar.

Ƙasashe sun gwada doka. Koriya ta Kudu ta hana 'yan ƙasa da sha shida gem ɗin intanet daga tsakar dare a 2011, ta soke dokar bayan shekara goma. Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da sha takwas awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi a 2021. Mu ba mu da wannan iko, ban kuma tabbata muna bukatarsa ba. Andrew Przybylski na Oxford ya duba yara kusan 5,000 a Birtaniya a 2014, ya ga masu buga ƙasa da awa ɗaya a rana sun ɗan fi waɗanda ba sa bugawa sam walwala da mu'amala, masu wuce awa uku kuma sun fi matsala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, da sharuɗɗa masu tsauri: mutum ya kasa tsayar da kansa, gem ya sha gaban komai, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, kuma a kai kimanin shekara a haka. Kaɗan ne ke kaiwa nan. Wanda ɗansa ya kai, wajen likita ya kamata ya nufa, bulala ba za ta yi ba. Ga 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa shawarar hukumar a fili take: ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da shi gaban allon waya, ɗan biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya. Uwar da ke miƙa wa mai rarrafe waya don ta samu ta tuƙa tuwo, na san gajiya ce ta sa, amma a wannan shekarun ne yaro ke koyon magana, kuma daga bakin mutum yake koya.

In aka tambaye ni, gara ɗana ya yi awa ɗaya a gidan gem ɗin da na san mai shi, bayan ya gama aikin makaranta da Islamiyya, da ya kwana da waya. Zan je in ga wurin da idona: ana caca, ana shan taba, wane irin wasa ake sakawa. In ya dawo kuma zan tambaye shi, "Kai, me ya sa ka sa 'yan baya uku yau?" Domin lokacin da yaro ya juya abin da yatsunsa suka sani zuwa magana, ya kawo dalili, ya kare shi, a nan ne tunanin da aji ke nema yake motsawa, kamar yadda kacici-kacici da tatsuniya suka yi mana a dandali. Wanda Allah ya hore wa kwamfuta ya gwada wa yaro Minecraft, inda ake gini da tsari, ko Scratch, manhajar kyauta da jami'ar MIT ta fitar a 2007, wadda yaro zai ƙirƙiri nasa gem ɗin da kansa, ko babu intanet.

Masu gidajen gem ma suna da nasu rabon. Yawancinsu matasa ne masu neman halak, kuma 'yan unguwa ne. Masu unguwanni da limamai da fastoci za su iya zama da su a amince kan abu biyu: ba a karɓar yaro da kayan makaranta kafin a tashi, kuma ana sallamar ƙanana da magariba. Wannan ba ya bukatar doka daga majalisa. A cikin gida kuwa, wurin cajin waya ya koma ɗakin uwa ko na uba, ƙarfe takwas kowace waya ta hallara a can, har da ta babban yaya, sai gari ya waye.